Jerry Lawson: Daga Gyaran Talabijin Zuwa Kaset ɗin Gem

A gidajen gem na Samaru da Sabon Gari, in an gaji da ƙwallo sai a koma tseren mota a na'ura ɗaya. Da can ba haka ba ne. Wasannin a jikin na'urar suke, in sun gundure ka sai dai ka sayi wata.

Jerry Lawson, baƙar fatar Amurka da aka haifa a New York a 1940, ya fara ne da gyaran talabijin tun yana matashi. A 1970 ya kama aiki a kamfanin Fairchild, inda ya jagoranci injiniyoyin da suka fitar da Channel F a 1976. Ita ce na'urar farko a kasuwa da ake zura wa kaset ɗin wasa, a cire, a saka wani.

Sai dai kasuwa ba ta yi masa adalci ba. Atari ta fito da tata a 1977, ta kwashe masu saye. A 1980 Lawson ya kafa Videosoft, yana haɗa wa na'urar Atarin wasanni. Da kamfanin ya rufe, sai ya koma ba kamfanoni shawara. Ciwon suga ya raba shi da ƙafa ɗaya. An karrama shi a Maris 2011, ya rasu a Afrilu.