Ƙissar Annabi Yusufu A Akwatin Telebijin



A shekarar 2008 ne gidan telebijin na ƙasar Iran ya fara nuna wasan kwaikwayon Annabi Yusufu (A.S.), kashi 45, wanda Farajullah Salahshur ya shirya. Wasan ya zaga ƙasashen Musulmi, har ya iso wayoyin samari da ɗakunan mata a Haɗejiya da garuruwan fadamarta. Ba mamaki, domin manomin Auyo ko Guri da ya san shekarar yalwa da ta fari ba ya bukatar tafinta kafin ya gane mafarkin shanu bakwai masu ƙiba da bakwai ramammu.

To, amma Suratu Yusuf aya 111 ce. Da me aka cika kashi 45?

Alƙur'ani bai ambaci sunan matar Azizu ba. Sunan Zulaiha, wanda 'ya'yan Hausawa da yawa ke amsawa, daga littattafan tafsiri da ƙissoshi ya fito. Binyaminu da Yahuza kuwa asalin sunayensu Attaura ne. Alƙur'ani ya bayyana cewa an sayar da Yusufu a kan 'yan dirhamomi kaɗan, Littafin Farawa ne ya ƙayyade azurfa 20. Mai mulkin Masar ma, sarki kawai Alƙur'ani ya kira shi, amma masu wasan suka zaɓi su mai da shi Akhenaton, suka kuma sa masa magana a baki.

Irin waɗannan labarai malamai na kiran su Isra'iliyyat. Ibnu Kasir ya kasa su uku: wanda wahayi ya gaskata, wanda ya ƙaryata, da wanda ya yi shiru a kansa, wato ba a gaskata shi, ba a ƙaryata shi. Matsalar tana cikin kashi na ukun nan. Mai tafsiri a zaure idan ya zo kansa sai ya ce “an ce”, ya rufe da “Allahu a'alamu”. Na'urar ɗaukar hoto ba ta da “an ce”. Aya da ƙarin marubuci duk da murya ɗaya suke fitowa, yaron Islamiyya kuwa ba shi da rariyar tacewa.

Sai batun fuska. Malaman Azhar sun daɗe da hana kwaikwayon annabawa. A fim ɗin Arrisala na 1976 Mustafa Akkad bai nuna Manzon Allah (S.A.W.) ba, bai kuma sa muryarsa ba. Salahshur ya ɗauko saurayi ɗan wasa, Mustafa Zamani, ya ce ga Yusufu, alhali hadisin Mi'iraji cikin Sahihu Muslim ya nuna rabin kyau aka bai wa wannan Annabi.