Darasin yau: takarda kafin bulo

Masu tambayata daga Kankiya da Kusada kan ginin ɗakin kaji da kwamin kifi, ga shawarata: kar ka aza bulo sai takarda na hannunka. In filin gado ne, duk magada su sa hannu, mai unguwa da dagaci su shaida. A dokar filaye ta 1978, ƙaramar hukuma ke ba da shaidar mallakar filin karkara, na birni kuwa gwamna.

Magini ma ku yi a rubuce. Ni kashi uku nake biya: kafin alƙalami, rabin aiki, ciko kuma sai kwami ya yi sati da ruwa bai yi yoyo ba. In rigima ta taso, takardar nan alƙali zai fara tambaya. Lauya ya duba maka tun farko ya fi arha kan zaryar kotu.