Darasi: Kalmar "Iska" a Bakin Kakanninmu

'Yan'uwa, idan tsohuwa a ƙauyukan Bichi ko Ɗambatta ta ce "iska ta taɓa yaron nan", ba zancen sanyin hunturu take yi ba. Kalmar tana da ma'ana biyu: iskar da muke shaƙa, da kuma halittun nan da ido ba ya gani, wato iskoki. Kakanninmu sun lura cewa ba a ganin iska, sai dai a ga reshe yana motsi. Da wannan suka kwatanta abin da ke ɓoye amma aikinsa a fili yake.

Iska kalmar Hausa ce ta asali. Aljani kuwa aro ne daga Larabci, ya shigo tare da Musulunci. Wani Ba'amurke, Joseph Greenberg, ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano, ya buga littafi a kansu a 1946. Ya nuna cewa sun raba iskoki kashi biyu, na gona da na daji. Na gona ana yi musu yanka domin amfani ya yi kyau, na daji kuwa tsoronsu ake ji. Ashe ke nan a tsohon harshe ba kowace iska ce muguwa ba. A arewacin Kano, inda gona ke haɗe da gona har daji ya kusa ƙarewa, tsofaffi kan nuna kuka ko tsamiyar da aka bari a tsakiyar gona su ce nan ne mazauninsu. Wasu ma ba su son kama sunan, sai su ce "mutanen ɓoye".

Me ya sa ba mu ce "Iska Mai Tsarki" ba? A Helenanci kalma ɗaya ce take nufin iska da ruhu, kamar yadda mai karanta Yohanna 3:8 zai gani. Amma a Hausa kalmar ta riga ta shiga bori, ga kuma "ɗan iska" da "iskanci" da suka zama zagi. Kalmar Ruhu ta tsare mu daga wannan ruɗani, kuma a ganinmu masu fassara sun yi daidai.

Inda abin ya fi damunmu shi ne wajen ciwo. Sunan "shan inna" ya fito ne daga Inna, ɗaya daga cikin iskoki, wadda aka ce tana shanye ƙafar yaro. Alhali ƙwayar cuta ce, kuma akwai rigakafinta. An dakatar da rigakafin a Kano a 2003, aka koma a 2004, sai a 2020 aka tabbatar cewa ainihin ƙwayar ta ƙare a Nijeriya. Saboda haka idan katikis ya ji uwa ta ce iska ce, kada ya yi mata dariya. Ya tambaye ta yadda ciwon ya fara, ya yi addu'a tare da ita, sa'an nan ya raka ta asibiti.