Kafin Ka Sayi Azurfar Rumawa, Leƙa Adakar Kakarka

Ɗana, na ji labari ka kamu da son tsofaffin kuɗi. An ce kana kwana kana kallon hotunansu a salula, musamman azurfar sarakunan Rum na farko. Ban ga laifinka ba. Yaron da ke tambayar abin da ya gabata, alheri ke tare da shi. Zauna dai mu yi magana, a hankali.

Abin da ya burge ka ya isa ya burge mutum. Dinariyus ɗin Augustus, wanda ya hau mulki shekara 27 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ɗan ƙarami ne, nauyinsa bai cika giram 4 ba, amma kusan tsantsar azurfa ce. Da hannu aka buga shi, da guduma, shi ya sa da wuya ka ga biyu sun zo daidai. Nero ne ya rage masa nauyi a shekara ta 64. Otho kuwa wata uku kacal ya yi a kan karaga a shekara ta 69, don haka kuɗin da ke ɗauke da fuskarsa ba su da yawa, masu tarawa a Turai na rububinsu. To, duk inda aka yi rububi, 'yan jabu sun riga kowa isa.

Ka riƙe wannan da kyau. Mulkin Rumawa ya tsaya can arewacin Afirka, bai tsallako Hamada ba. In wani ya tare ka a tashar Dogondutsi, ko ya turo maka hoto ta WhatsApp, ya ce ga azurfar Nero an tono a gona, zai bar maka a jika goma, ka yi masa godiya ka wuce. Ba sai ka zage shi ba. Wataƙila shi ma sayar masa aka yi. Araha ba ta ado, ɗana. Masu sayen irin wannan a ƙasashen waje da yawa sai sun ga takardar da ta nuna hannayen da kuɗin ya bi kafin su biya. Kai ba ka da wannan takarda, ba ka da mai duba maka. Jika gomarka za ta tafi, a bar ka da darma mai fenti, ga kunya a gaban abokai. Abin da na fi ji maka tsoro shi ne ka tsani abin gaba ɗaya saboda cuta guda.

Alhali ga namu nan a gida, ba wanda ya kula da su.

Kakanninka a nan Arewa, ƙasar Dogondutsi, da wuri suka yi ciniki, wurin da ya taso tun daga tekun Indiya ya iso Matankari a kan jakai da raƙuma. Wani Bature mai suna Barth, da ya sauka Kano a 1851, ya tarar ana canza azurfa guda a kan wuri 2,500. Ka auna wahalar mai ƙirga. Azurfar da fatake suka fi amincewa da ita ita ce liyari, mai hoton sarauniya Mariya Tareza ta Ostiriya. Nauyinta giram 28, kuma kashi 83 cikin ɗari azurfa ne. In ka same ta za ka ga an rubuta 1780 a jikinta. Kada zuciyarka ta buga. A shekarar sarauniyar ta rasu, kuma tun daga nan duk wadda aka buga wannan shekarar ake sa mata, ko a Biyana aka buga ta, ko a Landan, ko a Faris, ko a Bombay. Mutane sun saba da ita haka, ba su yarda a canza ko ɗigo ba. Saboda haka yawancinsu darajarsu ta azurfar ce kawai. Amma wadda ta yi shekaru a wuyan kakarka, aka huda ta aka zura zare, wannan ta gidanku ce, babu irinta a kanti.

Arewa kuma ƙasa ce mai ƙofa biyu. Bayan yarjejeniyar Faransa da Ingila ta 1898, yankinmu ya faɗa ɓangaren Ingilishi, sai da aka sake shata iyaka a 1904 da 1906 ya koma hannun Faransa. Zumunci bai san da wannan ba. Mutanen Tibiri da Gecheme da Kore Mairuwa ba su daina zuwa Kangiwa da Argungu ba. Shi ya sa a gwangwani ɗaya za ka iya samun tamma da dala na Faransa tare da anini da kwabo masu huji na Ingilishi, da sisi da sule. Tsohuwar dalar Faransa ta azurfa giram 25 ce. Sefa bai zo ba sai a watan Disamba na 1945, naira kuma sai 1973. Ka duba aninai da kwabbai da kyau. In ka ga na 1936 mai sunan Edward na takwas, ka samu naka Othon. Sarkin bai cika shekara a sarauta ba ya yi murabus, a Ingila ba a fitar da kuɗi da sunansa a kasuwa ba, amma an buga wa Afirka ta Yamma. Ba zai sa ka yi arziki ba, don akwai su da dama. Zai dai sa ka buɗe littafi.

In an ba ka ɗaya daga cikin kuɗin nan, kada ka goge. Na san hannu zai yi ƙaiƙayi, ka ɗauko toka ko yashi ko lemun tsami don ya yi ƙyalli. Baƙin nan da ke jikinsa shi ne shaidar shekarunsa, in ka kankare shi ka rage masa daraja, kuma ba ya dawowa. Ka riƙe shi ta gefe. Ka naɗe kowanne a takardarsa, ka ajiye inda laimar damina ba ta kaiwa. In kana shakkar azurfa, kai mata mayen ƙarfe, ta gaskiya ba ta mannewa. Wannan kaɗai bai isa ba, sai ka je wajen maƙerin farfaru ya ɗora maka a sikeli. Ka gaishe shi da ladabi, ya fi salularka sanin azurfa. Ka dai faɗa masa tun farko ba narkarwa ka kawo ba, domin liyari da dala da yawa a wutar maƙera suka zama munduwa da zobe.

Sannan ka sayi ɗan littafi. Ka zauna gaban tsohuwa ka tambaye ta: Kaka, wa ya ba ki wannan? A sadaki ya zo, ko a gado? Wane fari aka yi ba ki sayar ba? Ka rubuta yadda ta faɗa, da sunan garin, da ranar. Tsofaffi ba sa jira, ɗana. Kuma kada ka ɗauki ko anini ba da izininta ba. Abin da ke adakarta akwai masu haƙƙi a kai, gobe in rabon gado ya zo, ɗan ƙarfe guda na iya raba 'yan uwa.

Wata rana wani zai ce maka ku je kufai ku yi tono. Kada ka bi shi. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Ka tambayi abin da ya sami Bura, can jihar Tilaberi, inda aka gano tsoffin tukwane da mutum-mutumin yumɓu a 1975. Bayan duniya ta san da su, masu tono suka yi wa wuraren kaca-kaca, kaya suka watse ƙasashen waje, labarin da ƙasa ta riƙe ya tafi. Nijar na da doka tun 1997 mai kare kayan tarihi. In garma ta tono maka wani abu a gona, ka bar shi inda yake, ka sanar da mai gari, a kai magana ga hukuma. In ka shiga Yamai, ka je gidan tarihi na Bubu Hama, ka nemi ma'aikatansa ka nuna musu littafinka.

In kuma wata buƙata ta matsa wa gida har aka yi shawarar sayarwa, ba haramun ba ne. A auna tukuna, a tambayi farashin azurfa wajen mutum biyu ko uku, a yi cinikin a gaban manya. Kai kuma ka ɗauki hoton gaba da baya, ka liƙa a shafin da ka rubuta labarinsa.