TUƘI AMANA NE: DARASI A KAN KIYAYE HATSARIN MOTA

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki da Ya hore mana abubuwan hawa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu, Sallallahu alaihi wa sallam, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ɗalibai da iyayen yara, darasinmu na wannan fitowa ya shafi abin da muke cuɗanya da shi kullum, wato hanya da abin hawa. Ko a Kawo kake, ko Unguwar Dosa, ko Badarawa, ko Malali, ba ka rasa bin titin Ali Akilu ko titin Ahmadu Bello, a mota, ko a Keke Napep, ko a ƙasa. Kuma da wuya ka sami unguwar da ba a taɓa zaman makoki a cikinta ba saboda hatsarin mota. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2023 ya nuna cewa kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanya kowace shekara. Hukumar ta ce babu abin da ya fi hatsarin hanya kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29. To, ka ga sa'o'inku ne, ya ku ɗalibai.

ƘADDARA DA SABABI

Idan hatsari ya auku, abin da ke fara fita daga bakinmu shi ne: ƙaddara ce. Gaskiya ne, babu abin da ke faruwa sai da ikon Allah. Amma malamai sun karantar da mu cewa imani da ƙaddara ba ya kore riƙo da sababi. Kun san ƙissar mutumin nan da ya tambayi Manzon Allah a kan raƙumarsa, ya ɗaure ta ne ko ya sake ta ya dogara ga Allah. Sai aka umarce shi da ya ɗaure ta, sannan ya yi tawakkali. Wanda ya fito da mota ba birki, ya taka totur iya ƙarfinsa, wannan ya saki raƙumarsa ne. Abin da ya yi ganganci ne, ba tawakkali ba.

Kiyaye rai yana cikin manyan abubuwa biyar da shari'a ta zo domin ta kare, tare da addini, hankali, nasaba da dukiya. Saboda haka ne Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na ƙasar Burunai a shekarar 1993, ta yanke cewa bin dokokin hanya waɗanda ba su saɓa wa shari'a ba wajibi ne, kuma direban da sakacinsa ya jawo ɓarna yana ɗaukar alhakinta. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta bayyana hukuncin kisan kuskure: akwai diyya ga magada, akwai kuma kaffara, wadda ga wanda bai sami bawan da zai 'yanta ba ita ce azumin wata biyu a jere. Diyyar rai kuwa raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000 na zinari. Wannan fa hukuncin wanda bai yi niyya ba ke nan. Duba ka ga nauyin rai guda!

HALAYE SHIDA NA DIREBA NAGARI

Na farko, rage gudu. Dokar hanya ta Nijeriya ta ƙayyade kilomita 50 a awa a cikin gari. Ƙaramar mota ta gida ba ta wuce 100 a babbar hanya mai tagwayen titi, motar haya kuwa 90. Mu yi ɗan lissafi tare. Motar da ke gudun 50 tana cin kusan mita 14 a kowane sakan, mai gudun 100 kuma kusan mita 28. Kafin ido ya ga yaro ya faɗo titi, ƙafa ta tashi daga totur ta sauka a kan birki, an yi aƙalla sakan ɗaya. Sannan idan gudu ya ninka sau biyu, nisan da mota za ta ja bayan an taka birki yana ninkawa sau huɗu ne, ba sau biyu ba. To me ake samu a gudun? Daga Kaduna zuwa Zariya kimanin kilomita 80 ne. Mai gudun 100 zai kai cikin minti 48, mai gudun 120 cikin minti 40. Minti 8 kacal! A kan minti 8 mutum zai sayar da ransa da na fasinjojinsa. Bahaushe dai ya ce sauri ya haifi nawa.

Na biyu, bar rata tsakaninka da na gabanka. Ka lura da wata alama a gefen hanya, kamar falwaya ko bishiya. Idan motar gabanka ta wuce ta, ƙirga sakan uku. In ka iso kafin ka gama ƙirga, ka matse shi da yawa. A lokacin damina da titi ke santsi, da lokacin hunturu da hazo ke rufe hanya, sai ka ƙara ratar, ka kunna fitila.

Na uku, haƙuri wajen shan gaban wata mota. Kada ka fita a kan kwana, ko hawan tudu, ko kan gada, ko duk inda ba ka hango gabanka sosai. Garuruwan da ke bakin hanyar Zariya, irin su Rigachikun, Mararrabar Jos da Jaji, cike suke da masu tsallaka titi da 'yan talla da manyan motoci a ajiye. Nan wurin sassautawa ne. Haka nan bin hannun da ba naka ba don gudun zagaye zalunci ne ga mai tahowa a kan haƙƙinsa.

Na huɗu, ajiye waya. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta kawo ya nuna mai amfani da waya yana tuƙi ya fi waninsa kusantar hatsari kusan sau huɗu. Wanda ya sunkuya sakan huɗu yana duba saƙo a gudun 100, ya yi tafiyar da ta fi tsawon filin ƙwallo bai ga hanya ba. In kiran na gaggawa ne, gangara gefe ka tsaya.

Na biyar, kada ka yi tuƙi da barci a ido. Barci ɓarawo ne, ba ya sallama. A ranar 31 ga Mayu, 2025, motar da ta ɗauko tawagar 'yan wasan Jihar Kano daga gasar wasanni ta ƙasa a Jihar Ogun ta faɗa ƙarƙashin gada a Dakatsalle, kan hanyar Zariya zuwa Kano. Fiye da mutum 20 suka rasu, saura ƙiris su isa gida. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta ambaci gajiya da gudu cikin abubuwan da take zaton sun jawo shi. Allah Ya ji ƙansu. Goro da shayi ba sa biyan bashin barci, balle ƙwayoyi irin su taramol da ke gusar da hankali, waɗanda haramcinsu a fili yake. Maganin gajiya shi ne a tsaya a huta.

Na shida, duba lafiyar mota, ka kuma ɗaura bel. Kafin tafiya a duba birki, fitilu, madubi da iskar taya. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna lokacin da aka yi ta. Misali, 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra tana gargaɗi a kan tayar da ta haura shekara huɗu, kuma yawancin tayoyin gwanjo sun daɗe da wuce haka. Tsohuwar taya, ga lodi fiye da kima, ga zafin kwalta a watan Afrilu, ai sai fashewa. Bel kuwa, wanda aka fara tilasta ɗaura shi a ƙasar nan a Janairun 2003, yana rage haɗarin mutuwa da kusan rabi. Ba don tsoron jami'i ake ɗaura shi ba.

RABONMU A CIKIN WANNAN AIKI

An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a shekarar 1988, zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, kuma Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na farko. A nan Kaduna ga jami'an KASTLEA a mahaɗar tituna. An faɗaɗa hanyoyi, an sake gina gadar Kawo aka buɗe ta a 2022. Amma kyan titi ba ya gyara halin direba, sau da yawa ma sai ya ƙara masa gudu. Kuma babu jami'in da zai zauna a gaban kowace mota. Gyara daga gida yake farawa.

Ya ku iyaye, doka ba ta ba da lasin ga wanda bai kai shekara 18 ba. Miƙa wa yaro makullin mota don a ce ɗan Alhaji ya iya tuƙi ba gata ba ne. Ku hana wasa da mota da babur a ranar ɗaurin aure da rakiyar amarya, domin an sha mayar da gidan biki gidan makoki. Ku lura da mai Keke Napep da ke kawo yaranku Islamiyya: yara nawa yake cusawa? Ƙananan yara kuma kujerar baya ce wurinsu, ba cinyar direba ba.

Ku kuma ɗalibai, idan an tashi daga makaranta kada ku fita a guje. Tsaya a bakin titi, dubi hagu, dubi dama, sake duban hagu, sannan ka tsallaka a natse, kana riƙe da hannun ƙaninka. Inda babu wurin masu tafiya a ƙasa, bi gefen da kake fuskantar motoci masu tahowa. Idan kana cikin mota direba yana ganganci, yi masa magana cikin ladabi: Malam direba, don Allah a sassauta. Wannan ma yana cikin hani da mummuna. Idan kuma kun ga hatsari, lambar kiran Hukumar Kiyaye Haɗurra ita ce 122, kyauta ce.

TAMBAYOYI

1. Mene ne bambancin tawakkali da ganganci?
2. Faɗi hukuncin kisan kuskure.
3. Mota tana gudun kilomita 100 a awa. Mita nawa za ta ci cikin sakan uku?
4. Aikin gida: tare da mahaifinka ko yayanka, ku duba lambobi huɗu da ke jikin tayar wata mota, ka rubuto mana shekarunta.

Allah Ya kiyaye mana hanyoyinmu, Ya kai kowane matafiyi gida lafiya, Ya ba mu ikon aiki da abin da muka karanta. Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.