Ciwon Ƙullutu Da Rikicewar Jinin Al'ada A Wurin Mata

Wannan darasi an shirya shi domin Uwayen Ƙasa da malamansu na Zugu da sauran gundumomin Anka, da Gummi, da Bukkuyum. Ranku ya daɗe, maganar haila magana ce ta cikin gida, mai kunya. Amma salla, da azumi, da idda duk sun rataya a kanta, sa'an nan in ta rikice ƙarar takan ƙare a zauren Hakimi ko gaban Alƙali. Sabo da haka ya kamata shugabanni su san wata cuta wadda ta kan haɗa farfaɗiya da wannan rikici.

ASALIN CUTAR

Likitoci suna kiranta Tubaros Sikilarosis. A cikin wannan takarda za mu kira ta ciwon ƙullutu, gama takan sa ƙullutai su tsiro a ƙwaƙwalwa, da fata, da ƙoda, da huhu. Wani likitan Faransa, Burnabil, shi ya bayyana ta a 1880, bayan ya duba wata yarinya mai farfaɗiya. An ƙiyasta cikin jarirai 6,000 akan sami ɗaya da ita. Da ita ake haihuwar mutum, ba a ɗauka a wurin wani. Kashi biyu cikin uku na masu ita ba su gaje ta daga kowa ba. Amma in uwa ko uba yana da ita, kowane ciki rabi da rabi ne, ko ɗan ya gada ko ya kuɓuta.

YADDA AKE GANE TA

Yawancin masu ita suna farfaɗiya, galibi tun suna ƙanana. Akan ga fararen tabo a jiki masu siffar ganye. In yaro ya tasa, ƙananan ƙuraje masu tauri sukan fito a hanci da kumatu, ba su kuwa warkewa kamar ƙurajen balaga. Mutane da yawa sukan ɗauki farin tabon nan kuturta ne, har su guji mai shi. To, ga bambanci: tabon kuturta yakan mutu, in an taɓa shi da auduga mai shi ba ya ji sosai. Na wannan cuta kuwa yana ji kamar sauran jiki. Duk da haka likita ne mai yanke hukunci.

ABIN DA KE RIKITA AL'ADA

Ga mace mai lafiya, daga farkon wannan haila zuwa farkon ta gaba yakan kama kwana 21 zuwa 35, jinin kuma ba safai ya kan wuce mako guda ba. Mace mai ciwon ƙullutu takan ga ya yi tsallaken watanni, ko ya zo da yawa, ko ya zo ba a lokacinsa ba. Dalilai huɗu ne manya.

Na fari, ƙwaƙwalwa ita ke aika umurni zuwa ga ƙwan mace kowane wata, farfaɗiya kuwa takan dagula wannan aike. Wasu matan ma faɗuwarsu takan yawaita ne daf da zuwan haila. Na biyu, wani maganin farfaɗiya mai suna Balfurowet yakan jinkirta al'ada, yana kuma iya nakasa ɗan da ke ciki. Na uku, Eberolimus, watau maganin da ake bayarwa don ƙullutai su motse, shi ma yakan tsai da jinin ko ya rikita shi. Na huɗu, in ƙoda ta yi rauni ƙwarai al'ada takan ɗauke.

Akwai kuma abin lura. Ƙullutun ƙoda yakan fashe, musamman ga mai ciki, jini ya biyo fitsari, mace ta zaci haila ce. A garuruwan bakin gulbi kuma sai a ce tsargiya ce. In jinin ya zo tare da ciwo mai tsanani a kwiɓi, kada a kwana, a kai ta asibiti.

Ƙwayoyin tazarar haihuwa ma ba a shan su da ka. Masu sinadarin istirojin suna iya tsananta cutar in ta kama huhu, wanda ya fi aukuwa ga mata. Fenobabiton da Kabamazefin kuwa suna rage ƙarfin ƙwayoyin, har mace ta yi ciki ba ta sani ba.

KADA A MANTA DA DALMA

A wannan yanki akwai wani abin da ke kawo jijjiga da ɓari. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan da ake niƙa dutsen zinariya cikin gidaje, kamar Dareta da Abare da Bagega a ƙasar Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru a ƙasar Bukkuyum. Yara fiye da 400 suka rasu. Dalma takan daɗe a ƙashin mutum shekaru da yawa, ta koma cikin jini sa'ad da mace ta sami ciki. 'Yan matan da suka tsira a waccan shekara yanzu sun isa aure. Sabo da haka duk macen da ta je asibiti da irin wannan kuka, a faɗa wa likita garin da ta tashi, don a auna jininta.

ABIN DA AKE ROƘON UWAYEN ƘASA

1. A sanad da dagatai da masu unguwa cewa farfaɗiya ba ta yaɗuwa ta yawu. In mace ta faɗi, a janye ta daga wuta da rijiya, a kwantad da ita a gefe ɗaya, kada a sa mata cokali a baki.

2. Malamin Hakimi ya zana wa maigida takarda mai gidaje talatin, na kwanakin wata. Matar ko ungozoma ta riƙa sa alama ran da jini ya zo, da ran da ya ɗauke, da ran da ta faɗi. Takardar nan ta likita ce, ba ta shiga littafin ofis, ba a kuma karanta ta a zaure.

3. In al'ada ta ɗauke wata uku babu ciki babu goyo, ko jini ya zarce kwana takwas, a je babban asibitin Anka, ko na Gummi, ko na Bukkuyum. Ko da ya ke malaman Malikiyya sun ƙayyade kwana 15 iyakar haila ga sha'anin ibada, zuwa asibiti ba ya jiran wannan. Daga can, in da bukata, za a tura ta Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Gusau, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

4. Kada mace ta bar maganin farfaɗiya da kanta don ta ga al'adarta ta rikice, ko don ta sami ciki. Barinsa farat ɗaya yana iya kisa. Likita shi zai sāke mata wani, kuma ya fi kyau a shawarce shi tun kafin ciki.

5. In ƙara ta zo a kan idda, ko zargin ciki, ko saki sabo da rashin haihuwa, matar kuwa tana da waɗannan alamu, a nemi takardar likita kafin a raba gida. Mata da yawa masu wannan cuta sun haihu lafiya bisa kulawar asibiti.

Ba a sami maganin da zai raba mutum da ita ɗungum ba, amma ana sarrafa ta, mai ita ta yi zaman aurenta cikin mutunci. Talaka yakan bi inda shugabansa ya sa gaba. In Uban Ƙasa ya ce a je asibiti, mazaje za su bar matansu su je. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.