Yoga a Ɗaki Mai Zafi: Me Ke Faruwa a Jiki?

Yoga motsa jiki ne da ya samo asali daga Indiya, ya haɗa miƙe gaɓoɓi da sarrafa numfashi. A shekarun 1970 Bikram Choudhury ya yaɗa wani nau'insa a Amurka: salo 26 cikin minti 90, a ɗakin da aka ɗumama har digiri 40, kwatankwacin zafin Kano a watan Afrilu.

Ɗalibi ya lura, zafin jikin mutum digiri 37 ne. Idan ɗaki ya fi jiki zafi, babu abin da zai sanyaya shi sai bushewar gumi, zuciya kuma ta ƙara bugawa domin tura jini zuwa fata. Wanda ya lazimci haka kimanin mako biyu, jikinsa yakan saba: ruwan jininsa ya ƙaru, gumi ya riƙa fita da wuri, gishirin cikinsa ya ragu.

 Wani gwaji na Babban Asibitin Masacusets a 2023 ya nuna sauƙin ciwon damuwa bayan mako takwas. Amma da'awar wasu masu koyarwa cewa gumi yana wanke dafi ba ta da tushe, wannan aikin hanta da ƙoda ne. Mai juna biyu da mai ciwon zuciya su tuntuɓi likita tukuna.